Kwana biyu a Landan don kallon wasan daɓe: yadda nake ɗaure tafiyar a turke ɗaya

Kusan komai na tafiyar kwana biyu zuwa Landan yana lanƙwasuwa. Otal yakan yarda a canza rana, jirgin ƙasa in wannan ya wuce wani na tafe, abinci kuwa ko ta ina akwai shi. Abu ɗaya ne ba ya jiran kowa: labulen gidan wasa. Ƙarfe 7:30 na dare ake buɗe shi, ko kana zaune a kujerarka ko kana kan titi kana haki, kuma tikitin da ka saya ba a mayar da kuɗinsa don ka makara. Shi ya sa nake fara kafa wannan sa'ar a matsayin turke, sannan in ɗaure jirgi da masauki da abinci da salla a jikinta. Wanda ya fara kama otal ya sayi tikitin jirgi, sannan ya zo neman wasa, yakan tarar da cewa ranar da ya zaɓa gidan wasan a rufe yake, ko kuma kujerun da suka rage na bayan ginshiƙi ne.

Wannan tsari ya fi amfanar mutanenmu da ke karatu ko aiki a Manchesta, Birmingham, Leeds da makamantansu, da kuma iyalan da ke zuwa daga gida don bikin yaye ɗalibai suna son ƙara kwana biyu a Landan kafin su juya.

Unguwar da ake kira West End tana da manyan gidajen wasa kusan 40, yawancinsu a cunkushe tsakanin Piccadilly Circus, Leicester Square, Covent Garden da titin Strand, wuraren da mutum zai taka da ƙafa cikin minti 15. Wasannin iri biyu ne ta fuskar shiri. Akwai masu daɗewa, waɗanda suka shekara da shekaru a gida ɗaya: The Mousetrap ana yinsa tun 1952, Les Misérables tun 1985, The Phantom of the Opera tun 1986, The Lion King kuma yana gidan Lyceum tun 1999. Waɗannan ba sa guduwa, kana iya zaɓar ranarka a natse. Akwai kuma masu gajeren zango, na wata biyu ko uku, musamman in an saka wani fitaccen ɗan wasa. Irin waɗannan da sanyin safiya ake kama fara, domin kujeru masu kyau sukan ƙare a makon da aka fara sayarwa. In irinsu kake so, ranar da ka samu tikiti ita ce ranar tafiyarka, ba kai ke zaɓa ba.

Kafin in dubi farashi, ina karanta taƙaitaccen labarin wasan da gargaɗin da gidan ya rubuta game da abin da ke ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai je da iyali ko da iyaye. Wasu wasannin akwai ashar, wasu akwai shigar da ba za ka so ka kalla kana zaune kusa da surukarka ba, wasu kuma raha suke yi da addini. Duk suna rubuta wannan a shafinsu, tare da shekarun da suka dace. The Lion King, alal misali, daga shekara 6 suke ba da shawara, kuma ba sa barin ɗan ƙasa da shekara 3 ya shiga ko da a goye. Sai batun harshe. Les Misérables kusan daga farko har ƙarshe waƙa ce, babu maganar baki, Hamilton kuwa kalmomin da gudu suke fita kamar ruwan sama. Wanda kunnensa bai saba da Turancin waƙa ba zai zauna awa uku yana kallon motsi kawai. Maganinsa biyu ne: a karanta labarin tun a gida, ko a nemi ranar da ake nuna rubutun maganar a allo a gefen dandamali. Ranakun nan kaɗan ne, kuma ba kowace kujera ke ganin allon ba, don haka sai an kira gidan an tambaya.

Daga nan sai zaɓen sa'a, kuma a nan na fi daɗewa, domin rana ce ke yanke hukunci. Yawancin wasanni suna da zama takwas a mako: na dare ƙarfe 7:30, na rana ƙarfe 2:30, galibi Laraba ko Alhamis da kuma Asabar. Da yawa ba sa yi ranar Lahadi. Waɗanda ke yi ranar Lahadi, kamar The Lion King, sukan huta ranar Litinin. Wasan waƙa yakan ɗauki awa biyu da rabi zuwa kusan uku, har da hutun rabin lokaci na minti 15 zuwa 20. Yanzu ka ɗora wannan a kan lokutan salla na Landan. A watan Disamba azahar tana shiga wajen ƙarfe 12, la'asar wajen 1:35, magariba kafin ƙarfe 4, isha kuma wajen 5:30. Ke nan wasan rana zai haɗiye magariba ɗungurungum, ka fito ƙarfe 5 duhu ya rufe. Wasan dare kuwa ka riga ka gama sallolinka biyar kafin ka bar masauki. A watan Yuni abin ya juye: azahar bayan ƙarfe 1, la'asar wajen 5:20, magariba sai 9:20 na dare. Wasan rana ya zauna daram tsakanin azahar da la'asar, na dare kuwa magariba na faɗowa ana tsakiyar kashi na biyu. Saboda haka ƙa'idata: lokacin sanyi wasan dare, lokacin zafi wasan rana.

Watannin tsakiya su ne masu wuyar sha'ani. A ƙarshen Maris, bayan an tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan, rana tana faɗuwa daidai lokacin da ake buɗe labulen dare. A tsakiyar Satumba magariba wajen 7:15 take, minti 15 kacal kafin a fara. A tsakiyar Fabrairu la'asar tana shiga bayan an fara wasan rana, a fito saura ƙiris rana ta faɗi. Hukuncin sallar matafiyi na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Abin da ya rage gare ni shi ne in buɗe jadawalin salla na ranar kafin in danna saye. Galibin gidajen wasan nan tsofaffin gine-gine ne, matsattsu, ba su da ɗakin salla, kuma hutun rabin lokaci ba ya isa a fita a dawo. Masallatan da ke kusa: akwai ƙarami a titin Berwick cikin Soho, minti kaɗan daga Shaftesbury Avenue, akwai na titin Goodge, sai babban masallacin Regent's Park wanda ake sauka a tashar Baker Street a ƙarasa da ƙafa. Ranar Juma'a ƙananan biyun suna cika maƙil tun da wuri.

In rana da sa'a sun zauna, ba na sayen tikitin wasan nan take. Ina buɗe shafi uku a lokaci guda: na gidan wasa, na jirgin ƙasa, na otal. Ina so in ga cewa akwai jirgi a ranar, babu yajin aiki da aka sanar, babu gyaran layi, kuma kuɗin ɗaki bai yi tashin gwauron zabi ba saboda wani taro ko hutun makaranta. Hutun tsakiyar zango na Ingila yana faɗowa a Fabrairu, ƙarshen Mayu da ƙarshen Oktoba, kuma a makonnin nan, da duk watan Disamba, tikiti da ɗaki tare suke hawa. Sai komai ya dace sannan in saya, a jere: tikitin wasa farko domin shi ne ba ya canzuwa, sai ɗakin da za a iya sokewa kyauta, sai jirgi.

Mai zuwa daga Najeriya ko Nijar kuwa, biza ce gaban komai. Ana iya neman bizar ziyara ta Birtaniya wata uku kafin tafiya, kuma amsa takan ɗauki kimanin mako uku, wani lokaci fiye. Kada a sayi tikitin wasa kafin biza ta fito, domin gidan wasa ba ruwansa da ofishin jakadanci. Katin banki na naira kuma wani lokaci ba ya wucewa a shafukan waje. Katin dala ko na ɗan'uwa da ke can ya fi sauƙi. In ɗan'uwa ne ya saya, tikitin imel ɗinsa zai shiga, sau da yawa kwana ɗaya ko biyu kafin wasan, sai a tabbata ya turo shi an adana a waya. Kuma ba na saka wasa a daren da aka sauka daga jirgin sama. Bayan tafiyar awa shida da wani abu daga Abuja ko Legas, da layin shige da fice, da zarar an kashe fitila barci ne zai kwashe mutum, kuɗi ya tafi a banza.

Wurin saye yana da muhimmanci kamar abin da ake saye. Shafin wasan kansa ko na gidan da ake yinsa shi ne na farko. Sakamakon da ke fitowa a saman Google sau da yawa talla ce ta 'yan kamasho, masu ɗora la'ada mai nauyi ko sayar da tikitin da suka saya don su ninka. Dillalan da ke cikin STAR, ƙungiyar masu sayar da tikiti ta Birtaniya, suna ɗauke da tambarinta, kuma dole su nuna ainihin farashin tikitin dabam da la'adarsu. Farashi yana kamawa daga kusan fam 25 a can ƙololuwa zuwa sama da fam 150 a kujerun alfarma, kuma yana motsi kamar na jirgin sama: daren Asabar ya fi tsada, Talata da Laraba sun fi sauƙi, kujera ɗaya tana iya canza kuɗi cikin mako guda. A ƙarshen lissafi za ka ga an ƙara fam ɗaya ko biyu na gyaran gini. Wannan halal ne, kusan kowane gida yana karɓa.

Akwai hanyoyin araha, amma kowace da sharaɗinta. Rumfar TKTS da ke kudancin dandalin Leicester Square ta ƙungiyar gidajen wasan Landan ce, tana sayar da tikitin ranar da ragi. A kewayen dandalin akwai shaguna da yawa da suka rubuta rabin farashi da manyan baƙaƙe. Ba su ba ne, rumfar gaskiya a cikin dandalin take, ita kaɗai a tsaye. Manhajar TodayTix tana sakin wasu kujeru masu rahusa ƙarfe 10 na safe a ranar wasan, kuma sukan ƙare cikin minti kaɗan. Akwai ƙuri'ar samun tikiti mai rahusa, akwai layin jiran tikitin da wasu suka mayar. Duk waɗannan na mutum ɗaya ne ko biyu da ba su damu da wane wasa za su gani ba. Wanda ya ɗauko iyali mutum biyar daga Leeds don wasa takamaimai bai kamata ya jingina da sa'a ba. Abin da nake yi shi ne in sayi babban wasan tun da wuri, in bar zama na biyu a buɗe don waɗannan hanyoyin. Masu yara su sa ido a kan shirin Kids Week na hutun bazara, inda yaro ɗaya ke shiga kyauta tare da babban da ya biya cikakken kuɗi. Tikitinsa tun kafin hutun ake fara sayarwa.

Yanzu kujera. Taswirar da ke shafin sayarwa a shimfiɗe take, ginin kuwa ba haka yake ba. Ƙasa, gaban dandamali, shi suke rubutawa Stalls. Benen farko Dress Circle ko Royal Circle. Na biyu Upper Circle ko Grand Circle. Wasu gidajen suna da na uku, Balcony ko Gallery. Kowane da cutarsa. Layuka biyu ko uku na gaba a ƙasa, dandamali ya fi kanka tsawo, wuya zai ƙage kuma ba ka ganin ƙafafun masu rawa. Layukan baya na ƙasa, benen farko ya rufo a kansu kamar rumfa, ya yanke saman dandamali, duk abin da ya faru a sama sai dai ka ji ana tafi. Layin farko na bene yakan sami ƙarfen kariya daidai idon gajere ko yaro. Ɗakunan gefe masu kama da na sarauta suna da kyau a ido, amma daga gefe kake kallo, kashi ɗaya cikin uku na dandamali ya ɓace. Can ƙololuwa kuwa gangaren yana da tsayi sosai, mai jiri ba zai ji daɗi ba, gwiwa tana dukan kujerar gaba, kuma zafin ɗakin duk can yake taruwa. Inda na fi amincewa shi ne tsakiyar ƙasa daga layi na shida zuwa na goma sha biyu, ko layi na biyu zuwa na huɗu a benen farko. In kuɗi bai kai ba, tsakiyar gaban bene na biyu ya fi gefen ƙasa.

Duk kujerar da aka rubuta mata restricted view, ma'ana wani abu ya tare kallo, ba na saye sai na ga hotonta. Shafin SeatPlan yana da hotunan da 'yan kallo suka ɗauka daga kujerunsu, da lambar layi da ta kujera. Wani lokaci abin da ya tare siririn ƙarfe ne da ba ya hana komai, ka sami ragi mai kyau. Wani lokaci ginshiƙi ne sosai. Araha ba ta ado, amma a nan minti biyar na dubawa yana raba arahar kirki da ta banza.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: a gidaje da yawa ƙasan ba a daidai titi yake ba, a ƙarƙashin ƙasa yake, sai an sauka matakala, benen farko ne ke daidai da ƙofar shiga. Gidan Criterion da ke Piccadilly Circus kusan gaba ɗayansa a ƙarƙashin ƙasa yake. Ɗagawar lantarki kuma ba kowane gida ke da ita ba. In akwai dattijo mai ciwon gwiwa a tafiyar, ina duba shafin gidan inda suka ƙirga matakalun kowane sashe, ko in kira layinsu na masu buƙata ta musamman. Ga masu yara a The Lion King, kujerar bakin hanya a ƙasa ta cancanci ƙarin kuɗinta. Da an fara waƙar buɗewa, dabbobin ta bayan 'yan kallo suke shigowa, su bi ta hanyoyin da ke tsakanin kujeru: giwa da mutane ke ɗauke da ita daga ciki, tana tafe a hankali har yaro ya ji iskar wucewarta, tsuntsaye a kan dogayen sanduna suna shawagi a saman kawuna. Daga bene ana ganin tsarin gaba ɗaya, amma ba a jin wannan kusancin. Kuma wanda ya makara da minti biyu ya rasa shi duka, domin hanyoyin a lokacin na 'yan wasa ne, ba a barin kowa ya shiga.

Jirgin ƙasa daga Manchesta zuwa tashar Euston awa biyu da 'yan mintuna ne, daga Birmingham bai kai awa ɗaya da rabi ba, daga Leeds zuwa King's Cross kimanin awa biyu da kwata. Tikiti mafi araha, wanda ake kira Advance, yakan fito har mako 12 kafin ranar, amma na jirgi ɗaya ne tak. In ya wuce ka, sai sabon saye. Katin ragi na jirgin ƙasa yana cire kashi ɗaya cikin uku, tikitin fam 60 ya koma fam 40, kuma akwai na matasa, na mutum biyu masu tafiya tare, da na iyali. Ina zaɓar jirgin da zai sauke ni aƙalla awa huɗu kafin labule. Wannan ba tsoro ba ne, lissafi ne: in an soke jirgina, na biyu da na uku za su iya kai ni. Komawa a daren wasan kuwa ba na yi. Ana fitowa ƙarfe 10 zuwa 10:20, jirgin ƙarshe na daren Asabar a wasu hanyoyin yakan tashi da wuri fiye da na sauran ranaku, kuma mutum zai ƙare kashi na biyu yana kallon agogo maimakon dandamali.

Masauki, ba sai a tsakiyar West End ba. Abin da nake nema shi ne ɗakin da zan iya takawa zuwa gare shi cikin minti 20, ko wanda ke kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa ɗaya ba tare da canji ba. Bloomsbury da Russell Square suna tsakanin Euston da gidajen wasa. Waterloo tsallaken gada ne daga Strand. Victoria ta dace da masu kallon Wicked ko Hamilton, domin gidajensu biyu a bakin tashar suke. Ana ba da ɗaki galibi ƙarfe 3 na yamma, ke nan mai wasan 2:30 ba zai shiga ɗakinsa ba kafin wasa. A tambayi otal tun da wuri ko suna ajiye kaya, domin gidajen wasa ba sa karɓar akwati, ana kuma binciken jaka a ƙofa. Manyan tashoshi suna da ma'ajiyar kaya ta kuɗi in otal ɗin ya yi nisa. A karanta bayanin ɗaki da kyau: mafi araha wani lokaci ba shi da taga. Bayin otal ba shi da buta, gorar ruwa ta roba tana biyan buƙata.

Cikin gari, wajen biyan kuɗin bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa, katin banki mai taɓawa ko katin sufuri na Oyster ake amfani da shi. Bas ba ya karɓar tsabar kuɗi. Kowane babba da katinsa, kati ɗaya ba ya shigar da mutum biyu, kuma katin da ka taɓa da shi a shiga shi za ka taɓa a fita, in ba haka ba a caje ka kuɗin tafiya mafi tsada. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 kyauta suke bin babba ta ƙofa mai faɗi. Kada taswirar jirgi ta ruɗe ka: tsakanin Leicester Square da Covent Garden bai kai mita 300 ba, kuma tashar Covent Garden ɗagawa ake jira, matakalarta 193 ce.

Sunayen gidajen ma tarko ne. Akwai Apollo a Shaftesbury Avenue, akwai Apollo Victoria, akwai wani Apollo a Hammersmith can yamma. Palace dabam, Victoria Palace dabam, Palladium dabam. Prince Edward ba Prince of Wales ba ne. Theatre Royal Drury Lane ƙofarsa a titin Catherine take, ba a Drury Lane ba. Lambar adireshin da ke jikin tikiti nake sakawa a taswirar waya, ba suna ba, kuma da rana nakan bi ta ƙofar gidan sau ɗaya don ƙafa ta san hanya.

Abinci ƙarfe 5 ko 5:30, a tashi kafin 6:45. Gidajen abinci na unguwar sun saba da 'yan kallo, da yawa suna da jerin abinci na musamman mai sauri a wannan lokacin, kuma in ka gaya wa mai hidima sa'ar wasanka zai hanzarta. Daren Juma'a da Asabar sai an kama tebur tun kafin ranar. Akwai wuraren halal da dama a Soho da kewayen Leicester Square, amma a tambaya da baki, domin wani wurin kazarsa ce kawai halal. Sau da yawa ana ɗora kashi 12.5 cikin ɗari na hidima a takardar kuɗi. Bayan wasa ɗakunan girki da yawa sun rufe; titin Edgware, inda gidajen abincin Larabawa suke, yana kai dare.

Ƙarfe 7 ina ƙofar gidan. Tikiti a buɗe a waya, hasken allo a sama, kuma an riga an ɗauki hotonsa domin sadarwa tana yankewa a cikin ginin. Yawancin gidajen kati kawai suke karɓa. A shiga bayi kafin a zauna. Bayin mata kaɗan ne a tsofaffin gidajen nan, layin hutun rabin lokaci yakan ci hutun gaba ɗaya, don haka mai buƙata ta miƙe da zarar fitila ta kama. Masu yara su nemi matashin da ke ɗaga yaro a kan kujera, kyauta ne amma yana ƙarewa. Babu dokar tufafi, kaftani da abaya duk ana shiga da su ba mai kallonka. Sai dai layukan a matse suke: babbar riga tana wahalarwa, dogon ɗaurin ɗankwali ko hula mai tsayi kuma suna tare wa na baya kallon da shi ma ya biya. Ɗauri mai kwanciya ya fi. Ana sayar da giya a wurin shaye-shaye na gidan kuma mutane suna shiga da ita a kofin roba. Ruwan famfo kyauta ne in ka roƙa. Waya a kashe, ba a ɗaukar hoto ko bidiyo, masu raka mutane kujera suna haska tocila a kan duk wanda ya ɗaga tasa.

Wanda ya makara, a waje za a tsayar da shi yana kallon ƙaramin allo har sai an zo gaɓar da ta dace, wani lokaci minti 10, wani lokaci har hutun rabin lokaci. In fitaccen ɗan wasan da ka zo dominsa bai fito ba, mai maye gurbinsa zai yi, kuma ba a mayar da kuɗi. Wasu taurarin ma suna da ranakun da aka sanar tun farko ba sa fitowa, a duba kafin saye. In gidan ne ya soke wasan, kuɗin tikiti kawai zai dawo ko a canza maka rana, ban da otal da jirgi. Wannan ne dalilin da ya sa nake saka babban wasan a ranar farko cikakkiya, in bar gobe a matsayin madogara. In kai ne uzuri ya taso maka, wasu gidajen suna canza rana da ɗan kuɗi in ka sanar kwana ɗaya ko biyu kafin lokaci.

Wasa biyu a rana ɗaya yana yiwuwa ranar Asabar, 2:30 da 7:30, da tazarar kusan awa biyu a tsakani don salla da abinci. Ga babba mai son abin, daɗi ne. Da yara ko dattawa ba na yi. In tafiyar ta faɗo tsakanin Afrilu da Oktoba, zama na biyu da nake so shi ne gidan Globe da ke bakin kogin Thames, wanda aka buɗe a 1997 bisa siffar gidajen wasa na zamanin Shakespeare. Tsakiyarsa ba rufi, tikitin tsayuwa a filin mai araha ne, kana iya jingina gwiwar hannu a bakin dandamali 'yan wasa suna magana a saman kanka. A tsaye ake yi har ƙarshe, ba a zama a ƙasa, ko ana ruwa ba a fasawa, ba a kuma buɗe lema. Rigar ruwa da takalmi mai taushi.

Fitowa da dare, gida kamar Lyceum yana zubo mutum kusan 2,000 kan titi lokaci guda, sauran gidajen ma haka. Tashar da ta fi kusa ita ce ta fi cunkoso. Tafiyar minti bakwai zuwa ta gaba ta fi sauri. Kekuna masu ƙafa uku da ke jere a ƙofa da fitilu da kiɗa, kada a hau sai an yanke kuɗi, a kuma ji ko na mutum ɗaya ne ko na kowa, domin tafiyar minti biyar tana iya zama abin kuka. Waya kada ta tsaya a hannu a bakin titi, masu fizge a kan keke suke zuwa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa jim kaɗan bayan sha biyun dare, amma daren Juma'a da Asabar layukan Central, Jubilee, Northern, Piccadilly da Victoria suna kwana suna aiki.

Washegari ana barin ɗaki ƙarfe 11 ko 12. In Lahadi ce, tun kafin karin kumallo nake sake duba jirgin komawa, domin ranar ce aka fi gyaran layi, a mayar da wani yanki na tafiyar zuwa bas, awa biyu ta zama huɗu. In jirgi ya yi latti, a riƙe tikitin ko hotonsa: tsarin Delay Repay yana mayar da wani kaso na kuɗin jirgin, daga jinkirin minti 15 a yawancin kamfanoni, minti 30 a wasu, kuma cikin kwana 28 ake shigar da buƙata a shafin kamfanin da ya ɗauko ka.